Ronisha Ta Kafa Kujera a Ƙofar Zauren Wasa

Abu biyu Ronisha Guillory ta iya da hannunta tun tana ƙarama: jefa ƙwallo cikin kwando, da kitso. Ƙwallon ta koye ta a filin siminti da ke bayan cocinsu a garin Opelousas, cikin samarin unguwa waɗanda ba sa raga wa mace don tana mace. Kitso kuwa a barandar kakarta ta koya, Mis Eulalie, wadda ta raine ta bayan rasuwar uwarta, kuma wadda rabin matan garin sun taɓa zama tsakanin gwiwoyinta ana yarfa musu kai.

Ƙwallon ce ta kai ta Jami'ar Belrive. Sun ɗauke mata kuɗin makaranta da na ɗaki da abinci, ita kuma ta ba su duk abin da ya rage nata. Kafin gari ya waye tana ɗaga ƙarfe. Daga nan aji, daga aji atisaye, daga atisaye kallon bidiyon waɗanda za a kara da su, ƙarshen mako kuma a hau bas zuwa wata jiha. Aikin jinya ta so ta karanta, aka ce mata lokacin zuwa asibiti ya ci karo da na atisaye, ta nemi wani fannin. Ta nema. Sauran ɗalibai suna samun ɗan aiki a shagunan kofi da na abinci, amma 'yar wasa ba ta da lokacin da za ta sayar wa kowa.

Yammacin Lahadi ne kawai nata. Da an tashi coci sai ta jawo kujera tsakiyar ɗakin da suke kwana ita da Yolanda Sonnier, doguwar 'yar ƙungiyarsu da kowa ke kira Yoyo, ta baje tsefe da man kitso a kan gado. Yoyo ce farkon zama kullum, kuma ita ce ta fi kowa raki.

"Wayyo! Ke Ronisha, kai ne fa, ba igiyar jirgin ruwa ba!"

"Dalla tsaya cak. Ana dukan ki da gwiwar hannu a gindin kwando ba ki ko tari, sai tsefe ne zai sa ki kira uwarki?"

"Su ai ina ramawa. Ke ta ina zan rama?"

Daga 'yan ƙungiyarsu abin ya kai ga 'yan tsere, ya kai ga ƙartin ƙwallon maza da ke cika ƙofa in sun shigo, su zauna a ƙasa kamar yara suna roƙon a yi musu a hankali. Abin da ta samu shi ne na sabulu da man shafawa da kuɗin motar zuwa gida. Sauran kuma na maganin Mis Eulalie ne, don sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu har ba ta iya riƙe tsefe.

A shekararta ta uku hannun Ronisha ya buɗe. Duk inda ta tsaya ta saki ƙwallo sai ta faɗa. Zauren da da can iyaye da 'yan ƙalilan ke zuwa ya fara cika, har aka buɗe kujerun sama da aka daɗe da rufewa. Jami'a ta ɗora hotonta a allon talla na babbar hanya, ta kuma rataya wani ƙato a bangon zauren, tun daga rufi har kusan ƙasa: Ronisha a sama, ƙwallo na barin yatsunta, kitson nan nata mai lanƙwasa kamar kogi ya fito raɗau. Ita ta yi wa kanta shi da madubi biyu. A kantin jami'a ana sayar da riga mai lambarta, babu suna a jiki, amma babu wanda bai san ta waye ba.

Sai iyaye suka fara tare ta bayan wasa, suna riƙe da hannun 'ya'yansu mata. "Irin naki take so," in ji su. Ronisha ta buɗe shafi a waya, ta sa hotunan kawunan da ta yi, ta rubuta sunanta da lambar wayarta. Lahadinta ta cika maƙil.

Ana cikin haka aka kira ta ofishin Mista Kessler, jami'in da ke lura da ko 'yan wasa suna bin dokokin hukumar wasannin jami'o'i. Mutum ne mai fara'a, yana da kwanon alewa a kan teburinsa, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta, ta ga shafinta.

"Ronisha, aikin nan ya yi kyau, matata ma ta yaba," in ji shi. "Amma kin san ba a yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa ba."

"Da hannuna nake ci, ranka ya daɗe."

"Mutanen nan don ke ce suke zuwa. Kin sa hotonki da rigar ƙungiya. A idon doka, kin sayar da sunanki na 'yar wasa."

"To a sa sunan wa? Shi kaɗai gare ni."

Ya yi ɗan murmushi, ya ce maganar mai sauƙi ce. Ta rufe shafin, ta daina karɓar kuɗi, abin da ta riga ta karɓa ta ba wata gidauniya sadaka, ta zauna a benci wasa biyu. Shi ke nan, kowa ya manta.

Ta tagar ofishin ana hango bangon zauren. Ronisha ta nuna da haɓa. "Waccan fa? Wa ke cin kuɗin sunanta?"

"Wannan daban. Kin sa hannu kin ba jami'a izini tun ranar da kika zo."

"Ina da shekara sha bakwai, kakata na kuka a gefe don murna. Ko cewa kuka yi in sa hannu in ba ku ƙodata, da na sa."

"Ba ni na yi dokar ba, Ronisha."

"Na sani. Kai dai kana cin abinci da ita."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce ta je ta yi tunani zuwa Litinin.

Koci Vidrine, mai horar da su, ta tare ta a ɗakin canza kaya bayan atisaye. Mace ce da ta yi wasa a zamanin da 'yan mata ke wanke rigunansu da kansu, kuma Ronisha na ganin girmanta ƙwarai. Ta zauna kusa da ita a benci, ta sassauta murya.

"Guillory, saurare ni. Gasa ta ƙarato. Wannan shekarar tamu ce, kin fi kowa sani. Ki yi abin da ya ce, ki haɗiye. In kin gama karatu kin tafi gasar ƙwararru, ki yi kitso har a kan wata in kin ga dama."

"In gwiwata ta kai ni can ke nan, Koci."

"Za ta kai ki."

Ronisha na kwance igiyar takalminta. Ta ɗago shi ta duba tambarin da ke gefe. "Koci, kamfanin nan ke yake biya don mu sa wannan, ko ba haka ba?"

"Kada ki fara."

"Tambaya kawai na yi. Ƙafata ce a ciki, yana ma matse ni."

Koci Vidrine ta miƙe. "Ana ba ki karatu kyauta. Akwai yara dubu da za su yi rarrafe daga nan har gidanku don su samu gurbinki."

"Kyauta?" in ji Ronisha. "Ashe kyauta ce. Ni da na ɗauka aiki nake yi."

Ranar Asabar ba su da wasa, ta hau mota ta tafi gida. Ta tarar da Mis Eulalie a kicin tana juya tukunyar gumbo, miyar kuɓewa irin ta yankinsu, da hannu biyu, don ɗaya ba ya iya riƙe muciyar. Ronisha ta karɓa tana juyawa, ta kwashe labari ta gaya mata. A ranta ta ɗauka tsohuwar za ta zabura ta ce a kai ta wurin wannan Kessler ɗin. Sai ta ga ta ja kujera ta zauna.

"Rufe shafin," in ji Mis Eulalie.

"Kaka!"

"Na ce ki rufe. Ni na ce miki ina son magani? Na jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ya ishe ni."

"Ba maganar magani ba ce kawai."

"To ta mece ce? Ke yarinya, kin san gidaje nawa na yi wa wanki a garin nan? Kin san sau nawa aka kira ni da sunan da ba nawa ba na amsa? Na yi shiru, na yi shiru, don wata rana wani nawa ya shiga irin makarantar nan ta ƙofar gaba. Ga ki kin shiga. Yanzu kuma a kan tsefe za ki fito?"

Ronisha ta ajiye muciyar. Ba ta taɓa mayar wa kakarta magana ba sai ranar. "Kaka, ta ƙofar gaba na shiga, gaskiya ne. Amma da na shiga sai na tarar aikin dai shi ne. In yi gumi, wani ya karɓa, in ce na gode. Ke kin yi shirun, Allah ya saka miki. Ni ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba."

Mis Eulalie ta tashi ta zuba mata gumbo a kan shinkafa, ta dangwarar da kwanon a gabanta, ta shige ɗaki. Har Ronisha ta tafi washegari ba ta fito ba.

Ranar Litinin Ronisha ba ta je ofishin Mista Kessler ba. Sabon hoto ta ɗora a shafinta. Kafin azahar aka sanar cewa an dakatar da ita daga wasa har sai abin da hali ya yi, saboda "wani lamari na ƙa'ida".

Wasan da ya biyo baya shi ne babba, da makarantar da suka fi jin haushi, kuma za a nuna shi a talabijin. Tun da rana Ronisha ta aro kujera mai naɗewa daga cocin da take zuwa, ta ɗauki jakar tsefenta, ta zo ta kafa a gefen titi daidai gindin ƙaton hotonta. Ta jingina kwali a jikin sandar fitila, ta rubuta da baƙin alƙalami: KITSO. RONISHA GUILLORY. ANA BIYA.

Da farko mutane wucewa suke yi suna waiwaye. Su dubi bango, su dubi ta ƙasa, su sake duban bango. Ta fara tunanin ko haka za ta wuni a tsaye kamar mai jiran bas, sai wata mata mai kayan aikin asibiti ta tsaya da 'yarta.

"Ke ce da gaske?"

"Ni ce, Anti."

"Me ya sa ba kya ciki?"

"Sun ce in zaɓa, ko ƙwallo ko wannan."

Matar ta karanta kwalin, ta ɗaga kai ta dubi hoton, ta yi tsaki. Ta tura 'yar kan kujera. "Zauna. Irin na bangon za a yi mata. Kuma kada ki rage mini ko sisi."

Ronisha ta sa yatsu cikin gashin yarinyar ta fara tsaga. Kafin ta kai rabin kai, layi ya kama. Wani mai gadi ya zo yana magana a rediyon kafaɗarsa, ya ce ta tattara.

"Daga ina zuwa ina ne na jami'a, Oga?" Ronisha ta tambaye shi ba ta ɗago ba.

Ya nuna inda jan bulo ya ƙare.

"To ni a kan siminti nake. Na gari ne."

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya koma gefe ya ci gaba da magana da rediyonsa.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani dattijo mai hular ƙungiya, cikin masu ba jami'a gudummawa, ya tsaya a kanta fuska a murtuke. "Kin ci amanar makarantar da ta ɗauko ki daga babu," in ji shi. "Mu muke biyan karatunki."

"Rigar da ke jikinka lambar wa ce, Baba?"

Ya dubi ƙirjinsa. Mutanen layi suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Cire mata kayanta mana!" Ya wuce yana ƙunƙuni. Wasu samari kuma da suka sha giya suka yi ta ihu daga tsallake cewa ta shiga ta yi abin da aka kawo ta yi. Ronisha ta ji su sarai. Ta ci gaba da tsaga.

Sai ga Yoyo ta fito ta ƙofar 'yan wasa, sanye da kayan ɗumama jiki, kanta a tsefe ya yi buzu-buzu. Ta ratsa layin ta tsaya.

"Ku yi haƙuri jama'a, ni ina da wasa. Ke Ronisha, gyara mini kan nan."

"Yoyo, kin haukace? Koci za ta kashe ki."

"Ta kashe ni da kai a gyare. Zan fita a talabijin haka, uwata na kallo?" Ta zauna, gwiwoyinta har kusan haɓa. Ta laluba cikin safa ta zaro kuɗi, ta ɗaga sama yadda mai ɗaukar hoton gidan talabijin da ya matso zai gani. "Ga shi, ina biya. Yolanda Sonnier, a rubuta da kyau."

Ronisha ta yi mata manyan layuka cikin sauri. Tana yi Yoyo ta yi ƙasa da murya. "Na ce musu mu ƙi fita gaba ɗaya. Mutum uku suka yarda. Sauran suna tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma zan buga, Nisha. Ƙannena biyu na jiran in gama."

"Wa ya ce kar ki buga? Je ki ci ubansu."

"Wayyo! A hankali mana, muguwa!"

An fara wasa Ronisha na waje. Tana jin ihun zauren ta cikin bango, kuma ta san ma'anar kowanne: wannan an ci, wannan alƙali ya busa abin da bai dace ba, wannan shirun kuma ƙwallo ce ta kuɓuce a inda da tana nan ba za ta kuɓuce ba. Nan ne abin ya ci ta. Sau ɗaya ta juya baya kamar tana neman wani abu a jaka, ta share ido da gefen riga, ta dawo ta ce, "Wa ke biye?" An ci ƙungiyarsu da tazara mai yawa. Da jama'a suka fito, wasu ba su ko dube ta ba, wani ya jefo kofin lemo ya fashe kusa da ƙafarta.

Hoton ya zaga ƙasa. Kwana biyu wayarta ba ta huta ba, 'yan jarida na nema, wasu na zagi, wasu na sa albarka. Jami'a ta fitar da sanarwa cewa tana ƙaunar dukkan 'yan wasanta kuma dole ta bi doka. Cikin makon aka sauke hoton bangon, aka rataya na tambarin ƙungiya. An ja wa Yoyo kunne, aka bar ta.

A wasan gida na gaba Ronisha ta sake kafa kujerarta. Sanyi ake yi, layin bai kai na farko ba. Tana cikin yi wa wata yarinya sai ta ga motar fastonsu na Opelousas ta tsaya, Mis Eulalie ta fito da hular zuwa coci da jaka a hannu. Ta tako a hankali, ta tsaya tana duban kan da ake yi.

"Wannan tsagar ta karkace," in ji ta.

"Kaka, ba ta karkace ba."

"Ni za ki gaya wa? Warware." Ta juya ga mai gadin nan da ke tsaye nesa kaɗan. "Kai ɗan nan, ba ka ga tsohuwa a tsaye ba? Samo mini kujera."

Ya kuwa samo. Ta zauna ta karɓi kwalbar man, tana miƙa wa Ronisha in ta buƙata. Ba ta ce ta yarda da abin da jikarta ta yi ba, ranar ko bayanta. Da za su tafi dai ta ce, "Tunda kin fara, kada in ji kin je kina ba kowa haƙuri."

Ba ta ba kowa ba. Da shekara ta ƙare jami'a ta ƙi sabunta mata tallafin karatu. Koci Vidrine ce ta gaya mata da bakinta, a tsaye, ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, kuma wataƙila ta yi. Wasu makarantu biyu sun kira, da suka ji ba za ta rufe shafin ba suka yi shiru. Ronisha ta kwashe kayanta a motar faston, Yoyo na taya ta tana kuka tana zagin kowa.

Ta koma Opelousas ta kama hayar kujera a wani shagon gyaran gashi, ta shiga ƙaramar kwaleji da ke kusa, ta fara karatun aikin jinyar daga tushe. Ya ɗauke ta lokaci fiye da na sa'o'inta. Ba ta sake buga wasa a gaban 'yan kallo masu tikiti ba, kuma ba ta ɓoye cewa abin na damun ta. In lokacin gasa ya zo, a shagon an san ba a kunna talabijin in tana nan.

Bayan wasu shekaru dokar ta sassauta, aka ce 'yan wasa na iya cin kuɗi da sunansu. Ranar tana asibiti tana aikin safe, wani likita da ya san labarinta ya tare ta a baranda da waya a hannu, yana murna.

"Kin gani? Da kin yi haƙuri kaɗan, da ke ma kin samu."

Ronisha na tura keken wani tsoho zuwa ɗakin hoto. Ba ta tsaya ba.

"Likita," in ji ta, "da duk mun yi haƙuri, da har gobe ana cewa mu ƙara. Matsa mana, kana tare hanya."